Ranar da Manhaja Ta Kama Mai Laifi

A duk kamfaninmu na jigilar kaya, babu wanda Allah ya yi wa baiwa kamar Muƙaddashin Shugaban Sashen Kwamfuta. Shi da kansa ya shaida mana haka, kuma bawan Allah ne da ba ya ƙarya sai in ya buɗe baki. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: har yanzu ba a tabbatar masa da kujerar ba. Riƙon ƙwarya yake yi, kuma duk wanda ya tuna masa haka, ranar kwamfutarsa za ta kwana tana juyi.

Mu dai Danna-Ɗaya muke kiransa, a bayan idonsa. Sunan ya samo asali ne daga wata manhaja da ya sa aka sayo, wadda ta tattara duk na'urorin kamfani a kan ƙaton allo guda: kwamfutoci, firintoci, da akwatunan netwok na hedikwata da na rassa. Mai lafiya ta nuna kore, mai ciwo ta nuna ja. Saitin kowace na'ura yana hannunta.

"A da," yakan ce, yana shafa allon kamar gadon ubansa, "mutane ke yawo da tsani suna leƙa rufi suna bin waya. Wannan zamanin jahiliyya ne. Yanzu ina zaune a nan, danna ɗaya, reshen da ke bangon duniya sai ya durƙusa."

Mutum ne mai tsari, wannan kam ba a ƙwace masa. Ya hana kawo ƙorafi da baki, sai dai ka shiga shafin kamfani ka rubuta. Ko a gida haka yake. Surukarsa ta zo hutu, ta gama ta koma ba ta samu kalmar sirrin intanet ba, wai ba ta cika sharuɗɗa ba.

Ana nan sai aka ce Shugabar kamfani za ta zo ta ga aikinsa da idonta, daga nan a yanke maganar kujera. Da safen ranar, Danna-Ɗaya ya zo da sabuwar kwat, ya duba allo, ya ga kowane reshe da irin saitinsa. Abin ya ɓata masa rai. Wannan ai rashin tarbiyya ne! Sai ya kwafi saitin hedikwata ya tura wa kowa, har da adireshin da ake bambance wannan akwati da wancan. Danna ɗaya. Nan take kowane akwati a kamfanin ya fara iƙirarin shi ne hedikwata, babu mai sauraron wani.

Komai ya tsaya cak. Takardar fitar da kaya ta ƙi fitowa, manyan motoci suka yi layi har titi, direbobi suka zauna a inuwar taya suna tsine wa wanda ba su sani ba. Mai kula da sito ya hau sama a guje yana haki. Danna-Ɗaya ya tare shi a bakin ƙofa.

"Ka rubuta a shafi?"

"Ranka ya daɗe, shafin ai ba ya buɗewa."

"To ka gani. A hukumance, yau ba mu samu ƙorafi ko ɗaya ba."

Haka Shugaba ta shigo ta tarar da allo ya yi jawur kamar an watsa masa barkono. Wani ne da sai ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Amma gwaninmu gyara kwat ya yi, ya yi gyaran murya.

"Ranki ya daɗe, kin zo a kan gaɓa. Wannan zagon ƙasa ne. Akwai masu baƙin ciki da ɗaukakata a gidan nan, na daɗe da sani. Amma yau asirinsu ya tonu. Manhajar nan za ta binciko wanda ya taɓa saitin, ta mayar da komai yadda yake, ta kuma rufe masa hanyar shiga. Roƙona ɗaya: ko wane ne, kada a duba girmansa."

Shugaba ta ce ba za a duba ba.

Ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya danna. Manhaja ta yi ɗan tunani, sannan ta fito da hoton mai laifi, ya cika allo, yana murmushi. Hoto ne mai kyau, Danna-Ɗaya da kansa ya zaɓe shi cikin hotunansa guda ashirin. Kwamfutar da ke gabansa ta kore shi waje. Kafin ya sauke yatsan, ja ya fara komawa kore, reshe bayan reshe, har muka jiyo firintar sito ta kama aiki, direbobi suna tayar da mota.

Wallahi har na so in tausaya masa, amma bai ba ni dama ba.

"Ita ta gano matsalar," in ji Shugaba a hankali, "ita ta gyara, ita ta yi hukunci?"

Kirari ake wa kayansa, ina zai iya yin shiru? Ƙirjinsa ya sake tasowa.

"Ita kaɗai, ranki ya daɗe! Ba ta buƙatar kowa. Ni na zaɓo ta."

"To alhamdulillahi, ka rage mana aiki. Dama kujerar muka zo cikewa, ga shi ka nuna mana a cike take."

Ya buɗe baki zai yi jawabi. Ta ce in zai fita ya ja mata ƙofar, sanyin ɗakin na zurarewa.