Gangata da Kuka Kai Gida a Matsayin Gawa

Zuwa ga Mai Girma Babban Manajan Kamfanin Jiragen Sama na Farin Gajimare, uban matafiya, mai ɗaga bayin Allah sama ya sauke su inda ya ga dama.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan alheri gare ka da iyalinka da jiragenka, masu tashi da waɗanda ake kan gyara, ina gabatar da kaina. Sunana Karamat Husain, makaɗi daga Gujrat. Sana'ar na gada wurin mahaifina, har da gangar kanta. Tun da samarin garinmu suka watsu cikin Turai suna aikin masana'anta da wankin kwanuka, bikinsu ya bi su can, ni kuma na bi bikin. Lokacin zafi ina tsakanin Brescia da Barcelona, da sanyi ina gida. A jirginka nake wannan zirga-zirga, don haka ina ganin akwai sanayya tsakaninmu, ko da kai ba ka san da ita ba.

Ƙorafina na farko ƙarami ne. Bana ma'aikatanka na Lahore suka sanar da cewa ganga ta daina shiga tare da mai ita, sai a cikin kaya. Na bi doka. Ƙanin matata, Manzur kafinta, ya buga mini akwatin katako mai tsawo wanda zai ci ganga da sanduna da kayan biki da bargo. Matata ta ɗinke shi da farin yadi kamar yadda muke yi wa kowane saƙo mai nisa, aka rubuta sunana da na unguwarmu a jiki. Ma'aikatanka suka auna, suka manna takarda, suka ce in kwantar da hankalina. Ranka ya daɗe, me ya sa duk wanda ya ce mini haka a kamfaninka, daga nan hankalin ke tashi?

Na biyu. Na sauka a Milan na tsaya gaban abin nan mai juya kaya, ya juya har ya gaji ya tsaya, babu akwatina. Wata baiwar Allah a ofishinka, mai murmushi irin na masu jinya, ta duba ta ce ganga tana Oslo. Da na sake tambaya aka ce ta wuce Lisbon. Ni da nake bin layi a rana kafin a buga mini biza, ban taɓa ganin waɗannan garuruwa ba. Wa ya tsaya mata?

Ga shi kuwa bikin ɗan Chaudhri Liyakat ya kawo ni, mutumin da ba a yi masa gardama a Brescia. Ranar ɗaurin aure ya dube ni hannu rabbana ya ce, "Karamat, daga Gujrat na ɗauko ka don ka zo ka ci kaza?" Dole na roƙi mai girki ya ara mini babbar tukunyar dafa shinkafar biriyani, da ƙanzonta, na rataya a wuya na kaɗa wa ango har ƙofar zauren taro. Wata tsohuwa da ke saman bene ta kira 'yan sanda, ta ce ana rushe gini. Suka zo, suka ga ba gini ake rushewa ba, mutuncin wani ne, suka ci shinkafa suka tafi.

Duk wannan na yafe. Na uku ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Da kamfaninka ya gaji da yawo da gangar, sai ya yanke shawarar mayar da ita inda aka rubuta a jikin yadin. Bayan sallar azahar farar motarka ta shiga lungunmu. Ina yaba maka da tarbiyyar direbanka. Ya yi sallama, ya sunkuyar da kai, ya karanta abin da aka koya masa: wai kamfani yana ba iyalan Karamat Husain haƙuri bisa wannan rashi da ya auku a Turai, ga shi an kawo musu shi gida. Sannan mutum huɗu suka sauko da dogon akwati cikin farin yadi.

Ranka ya daɗe, wataƙila ba ka san garinmu ba. Babu lungun da bai taɓa karɓar irin wannan akwati daga Turai ba. Iyaye mata da yawa a Gujrat ta haka suka yi ganin ƙarshe da 'ya'yansu. Ba wanda ke tsayawa tambaya idan ya ga farar mota da farin yadi. Aka nemi wayata, ina cikin motar safa kan hanyar Barcelona, caji ya ƙare.

Matata Sugra Bibi, tun da aka ɗaura mana aure ba ta taɓa kama sunana ba. In tana jin daɗi, baban Rukhsana. In ba ta ji, sai dai "kai". Ran nan ta fito titi ba takalmi, ta rungume akwatin tana kiran Karamat, Karamat, har masu shago suka rufe. Liman ya hau lasifika ya sanar da rasuwata da lokacin jana'iza. Shaukat, makaɗin da ya daɗe yana jiran irin wannan rana, ya fi kowa kuka. Kafin la'asar ya zagaye duk gidajen da suka yi alkawari da ni na bikin sanyi, yana yi musu ta'aziyya yana karɓe aikin.

Sai da masu wanka suka farke yadin sannan Manzur ya gane ƙusoshinsa. Aka buɗe. Wani dattijo da ido bai ishe shi ba ya miƙa hannu zai shafa fuskata ya yi addu'a, fuskar ta ce dum.

Ina sauka Barcelona na sa caji, kiran Sugra ya shigo. Na yi sallama. Ta ce, "Da ranka?" Na ce da raina, lafiya? Ta ce, "To ka dawo ka same ni." Ta kashe.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Na dawo gida na roƙi liman ya hau lasifika ya janye maganarsa, ya ce shi ba a taɓa sa shi sanarwar mai rai ba, kuma ba zai fara a kaina ba. Masu biki sun ce sun riga sun yi wa Shaukat alkawari. 'Yan uwan da suka taso daga ƙauye suka ci shinkafar makoki suna kallona kamar na cuce su kuɗin mota. A Brescia kuwa an daina kirana mai ganga, sai mai tukunya. Ita kuma Sugra ta rantse ba ta kira sunan kowa ba, wai atishawa ta yi. Matan lungu suna kwaikwayonta in za ta wuce, ita kuma a kaina take hucewa. Amma tun da na dawo ita ke zuba mini shayi da hannunta, ta zauna har in shanye. Wannan kaɗai nake gode maka, kuma ina roƙo kada ka faɗa mata.

Na biyar. Jiya saƙo ya shigo wayata daga ofishinka, ana tambaya ko na gamsu da yadda aka isar da kayana, in zaɓi taurari. Wane tauraro ake ba wanda ya kashe mutum ya tashe shi, bai ko karɓi ladan aiki ba?

Ba na neman diyya. Sanarwa kawai nake yi maka, don kada ka ji a bakin wani. Na tara 'ya'yana na bar musu wasiyya: in ajali ya riske ni a Turai, a binne ni can, kada a ba ka gawata. Ba don ina shakkar za ka kawo ta ba, bayan ta ga Oslo da Lisbon. Tsorona shi ne ranar da farar motarka ta sake shiga lungunmu ba wanda zai fito. Liman zai ci gaba da barcin rana, Sugra ta leƙo ta ce a ajiye ta a soro, mai ita yana nan tafe.

Allah ya ƙara wa kamfaninka ɗaukaka, ya kuma nuna wa kowane akwati hanyar gidansa.

Naka mai biyayya a ƙasa da sama, wanda har yanzu yake raye,

Karamat Husain,
Makaɗi, Gujrat.