Kwalayen Farfesa Maikano

Kun san Farfesa Maikano, tsohon likitan tiyatan nan da ya shugabanci tsangayar koyon likitanci a wata jami'a har ya yi ritaya? To wallahi mutumin nan gara ka ce ya ba ka ƙodarsa da ka ce ya yar da takarda. Tambayoyin jarrabawar da ya yi wa ɗalibai tun yana da baƙin gashi, bayanan zaman majalisar tsangaya, jadawalin zagayen duba marasa lafiya, hotunan rukunin ɗalibai na farko ranar da suka yi rantsuwar likita, duk ya jibge su a kwalaye, ya cika ɗakin baƙi taf. Matarsa, Hajiya Tabawa, ta yi ta haƙuri, har ranar da ɓerayen da suka ƙoshi da ilimin likitanci suka tsallaka cikin akwatinta suka yi wa sabon leshinta fata-fata. Ranar kam gidan bai zaunu ba. Ta ɗora ashana a kan kwalin sama, ta ce ko kayan nan su bar mata gida yau, ko ta aika su lahira.

Bawan Allah hankalinsa ya tashi ƙwarai, don aikin rayuwarsa ke nan. Ya ɗauko hayar a-kori-kura, aka loda, sai ɗakin adana tarihi na jami'ar. Can ya tarar da shugaban wurin, Malam Lurwanu, mutumin kirki amma ɗan bin doka na bugawa a jarida.

Malam Lurwanu ya russuna ya gaishe shi, ya buɗe kwali ɗaya, ya ce, "Kai, ranka ya daɗe, wannan ai dukiya ce! Irin su muke nema ido rufe. Sai dai kash, ba za mu iya karɓa ba."

Farfesa ya zare tabarau. "Ban gane ba. Dukiya ce, kuma ba kwa so?"

"Dokar wurin ce, ranka ya daɗe. Ba ma karɓar takardun ma'aikaci sai bayan ya rasu. Masu rai sun wahalar da mu, kullum suna hanya. Yau wannan ya zo a ba shi takarda ya gyara, gobe wancan ya ce a cire hoton da ya fito ba hula."

"Wato sai na mutu ke nan?"

"Subhanallahi! Allah ya ƙara nisan kwana. Ku dai koma da su gida ku lallaɓa, in lokaci ya yi iyali sa kawo."

Farfesa ya waiga ya dubi a-kori-kurar, ya tuna ashanar nan da fuskar mai ita. Ya yi ajiyar zuciya, ya dafa kafaɗar Malam Lurwanu.

"Sa a sauke su kawai, ɗana. In dai na koma gida da kwalayen nan, kafin la'asar Hajiya ta cika muku sharaɗin."