Sunansa Kai

Abubuwa da yawa na zamana a Ingila sun shuɗe mini, amma ba na jin zan taɓa mantawa da wata Asabar a gidan Anti Rifkatu a unguwar Moss Side ta Manchester. Duk sanda ta faɗo mini a rai sai na yi istigfari, kunya kuma ta rufe ni kamar yanzu abin ya faru.

Lokacin ina karatu a Birmingham, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Edgbaston. Anti Rifkatu aminiyar mahaifiyata ce tun suna maƙwabtaka a Zariya, nas ce da ta yi ritaya, ta daɗe ƙwarai a Manchester. Wani ɗan'uwa ya zo daga gida, Hajiya mahaifiyata ta aiko shi da kuka da daddawa, ta ce in kai wa Anti da ƙafata, in gaishe ta. Na buga mata waya.

"Ɗan Hajiya, ka zo Asabar," in ji ta, "amma ka buɗe kunnenka. Karnuka biyu gare ni, da mage."

Na ce, "Biyu, Anti?"

"Biyu. Bingo tsoho ne, ba ruwansa da kowa. Sabon ne ake lallaɓawa."

Sai ta ba ni labari. Sabon karen na maƙwabcinta ne, Baba Winston, wani dattijo ɗan Jamaika. Shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu ne, an rage masu zuwa gida suna duba tsofaffi, dattijon ya faɗi sau biyu shi kaɗai, aka mai da shi gidan kula da tsofaffi, inda ba a zama da dabba. Karen ya koma hannun wata ƙungiyar kula da dabbobi. Anti ta yi wa Baba Winston alkawari za ta riƙe shi, ta riƙa kai masa shi kowace Lahadi bayan coci. Ƙungiyar ta ba ta shi gwaji na mako shida, kuma a Asabar ɗin nan ne wata ma'aikaciyarsu za ta zo ta ga ko zai iya zama lafiya da Bingo da magen. In ta gamsu, ya zama nata. In ba ta gamsu ba, su tafi da shi.

"Don haka ka zo bayan la'asar, ta riga ta tafi. In ka shigo kada ka ƙura musu ido, kada ka yi gudu, kada ka shigo da abinci a hannu. Kwanonsu ma daban-daban ne, tsohon ke fara ci, ɗayan na jira a bayan ƙofa. Abinci ne kaɗai ke haɗa su faɗa."

Na ɗauki alƙalami na rubuta duka da ajami, don hannuna ya fi sauri a nan. Sai na ce, "Sabon, yaya sunansa?"

Ta ce, "Sunansa Kai."

Ni kuwa abin da na ji shi ne, "Sunansa... kai!" Irin na tsohuwar da suna ya kwanta mata. Na ce a raina tsufa ne, bai kamata in matsa mata ba. Na ce, "Ba komai, Anti, Allah ya ƙara lafiya." (Ta ce mini daga baya ta yi mamakin wannan addu'a, amma ta amsa da amin.)

Ran Asabar na yi dabara irin ta mai ganin ya fi kowa tsari. Sanyi ya shigo, rana na faɗuwa da wuri, na ce bari in yi sammako in dawo kafin magariba. Takardar ajamin na bar ta a aljihun wata rigar. Da na sauka daga jirgin ƙasa na biya unguwar Longsight na yi azahar, na fito sai ƙamshin gasasshiyar kaza ya tare ni daga wani shagon halal. Na ce yaya zan je gidan uwa da saƙon wani kawai, ni ban riƙo komai ba? Maganar abinci ta faɗo mini, amma na yi wa kaina fatawa: ta ce a hannu, wannan kuwa a leda take.

Ƙarfe biyu na isa. Na yi sallama sau uku, shiru, ƙofa kuwa ba a kulle take ba. Na ji murya a bayan gida, na ratsa ta kicin na leƙa.

Wallahi abin gwanin sha'awa ne, kafin in ɓata shi. Anti na tsaye a tsakiyar ɗan lambun, Baturiyar ƙungiyar na gefe da takarda a hannu. Bingo kwance a kan shimfiɗarsa, magen a kan katanga, sabon kuma, wani ƙato mai ruwan ƙasa, yana zaune a tasa shimfiɗar bai ko motsa ba, idonsa a kan hannun Anti. Aikin mako shida ke nan.

Sai ya waiwayo ya gan ni. Ni ma na ƙura masa ido. Ya ɗaga kunne. Abin da kowane Bahaushe zai yi shi na yi: na ɗaga hannu na daka masa tsawa.

"Kai!"

Ya miƙe yana kaɗa wutsiya. Ya dubi Anti, ya dube ni.

"Kai! Kai!"

Ashe babu abin da Anti ta fi shan wahala a kansa kamar koya masa ya zo in an kira sunansa. Ranar ya nuna ya iya karatunsa. Ya taho a guje, ya tsaya a gabana, ya kwantar da ƙafafun gaba ya ɗaga ƙugu sama. Yanzu na san wannan gayyatar wasa ce a wurin kare. A lokacin na ɗauka shirin cafko maƙogwarona yake.

"Ɗan Hajiya, rufe bakinka!" in ji Anti. "Kiran sa kake yi!"

Ina! Kunnena ya toshe. Na sunkuya kamar zan ɗauki dutse, wanda a Zariya ko karen mafarauta ya gani sai ya ja da baya. Wannan kuwa murna ta ƙaru, ya ɗauka ƙwallo zan jefa masa. Babu dutse, sai ledar da ke hannuna. Na wurga ta iya ƙarfina. Ta fashe a tsakanin shimfiɗun nan biyu, kaza ta mirgino waje.

Sauran ban gan shi daga ƙasa ba, don ban san sanda na haye kan bolar shara ba, doguwar robar nan mai murfi, da babbar rigata da komai, kafaɗa da kafaɗa da magen. Ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina. (Da na natsu na gane ta hawa abin hawa nake ta maimaitawa.) A ƙasa kuwa Bingo, tsohon da ba ruwansa da kowa, ya riga kowa isa kan kazar, Kai ya bi shi, suka kaure. Anti da Baturiyar suka raba su da kyar, da bokitin ruwa. Kunnen Bingo na zubar da jini.

Da ƙura ta lafa Baturiyar ta dube ni a saman bola, ta tambayi Anti cikin ladabi: in mutumin nan tsoron kare yake ji, me ya sa yake ta kiran sa? Anti ta yi mata bayani cewa a harshenmu da wannan kalmar ake korar kare. Matar ta ce abin sha'awa ne. Sannan ta yi rubutu mai tsawo a takardarta.

Na sauko na bi ta har mota ina rantsuwa laifina ne. Ta ce ta yarda, amma ta ga cizo da idonta, kuma ba za ta iya rubuta cewa ba ta gani ba. Baƙo zai sake zuwa, abinci zai sake faɗuwa. Za a nema wa Kai gidan da babu wata dabba.

Anti ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna tana goge kunnen Bingo da auduga, ta ce, "Kazar ma da ƙashi, yana iya maƙale musu, sai na kwana ina duba su." Can ta ƙara da cewa, "Ni me zan ce wa Baba Winston gobe?"

Na ce ni zan faɗa masa. Na kwana wurin wani abokina a Longsight, washegari na jira ta taso daga coci muka tafi tare, ba kare, don an hana ta fita da shi kafin a zo ɗaukarsa.

Muka same shi a keken guragu a bakin taga, ya sa hularsa, ya ajiye biskit ɗin kare a cinya. Ya dubi bayanmu kafin ya dube mu. Na durƙusa na faɗa masa komai da Turancina na makaranta, ban rage ko bolar ba. Sannan ya ce, "Da ka kira shi, ya zo?"

Na ce ya zo, a guje ma.

"Shekara bakwai ina kiran sa, sai ya ga dama," in ji shi. Ya juya wurin Anti ya ce, "Kin iya aiki." Ya miƙa mata biskit ɗin ya ce ta ba Kai kafin su tafi da shi, ya mai da fuskarsa taga.

Na rubuta wa ƙungiyar wasiƙa har sau biyu, ba abin da ya canja. A lambun nan an ba mutum biyu umarni, ni da kare, kuma karen ne ya bi nasa. Tun daga ranar, in zan shiga gidan mutane nakan tambayi sunan kowa da ke ciki, har masu ƙafa huɗu, kuma in ban ji da kyau ba sai in ce a maimaita.