Darar Basha Mai Lamba Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da hula ta tozarta ni a birnin Alƙahira ba, ni da duk Kano ba a yi masanin hula kamata ba. Huluna ɗari uku gare ni (matata ta ce tamanin ne, amma ba ta ƙirga waɗanda asu ya cinye). Akwai haɓar kada ta kakana, da kube, da damanga, har da malfar wani Bature da ta girme ni. In ka miƙo mini hula, sansanawa kawai zan yi in gaya maka garin da aka ɗinka ta da abin da mai ita ya ci da rana.

A shekarar 2014 ne ɗan ƙanena Sadiƙu, mai karatu a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira, ya nemi auren 'yar Alhaji Usman, wani Bahaushen Sudan da ke zaune a unguwar Hayyin Ashir. Ƙanena ba ya da lafiya, sai na je a matsayin uba. Aka sa liyafar rana a wani gidan abinci don iyaye su ga juna.

Sadiƙu ya ce, "Baffa, don Allah ka fitar da ni kunya. Mutumin nan bai gama yarda da gidanmu ba."

Na ce, "Kwantar da hankalinka. Da hula kawai zan gama da shi."

Na shiga kasuwar Ataba, na tarar da wani tsoho ya baza tarkace. Can ƙasa na hango jar dara mai baƙin tuntu, ta koɗe ta yi kyau. Na sansana, na ji gahawa da gasasshen nama. Wa ke cin nama kullum in ba basha ba, irin manyan masu sarautar Masar na da? A cikinta kuma ga lamba bakwai. Na tambayi tsohon ko ta basha ce, ya ce, "Tamam," wato haka ne. (Da na ce ta Fir'auna ce ma tamam zai ce.)

Da Sadiƙu ya gan ni da ita, ga farar jallabiya da baƙar falmaran, sai ya ce, "Baffa, a nan fa yanzu masu sa wannan..."

Na katse shi. Na karanta masa yadda dara ta taso daga garin Fas na Maroko, Turkawa suka ɗauka, ta sauka Masar, ta keto hamada har Kano.

Na riga kowa zuwa, na tsaya a bakin ƙofa ina gyara tuntu. Sai ga Alhaji Usman da mutanensa. Na buɗe hannuwa zan rungume shi, sai ya ɗora mini sandarsa a kansu, ko kallona bai yi ba.

"Yalla, shayi huɗu. Ɗaya ban da sukari."

Na waiwaya. Ƙarti shida suka fito daga wajen girki ɗauke da faranti, kowa da farar jallabiya, baƙar falmaran, jar dara. Wallahi in da matata na nan, sai ta yi ƙuri'a kafin ta gane mijinta.

Sadiƙu, da isowarsa ke nan, ya ce cikin 'yar murya, "Alhaji, Baffana ne."

Maimakon in yi shiru, sai na cire hular na nuna lambar. Na ce tawa daban ce, ta basha na bakwai ce a fada. Shugaban masu kawo abincin ya matso, ya cire tasa, ga lamba ɗaya. Ya ce, "Ma'alish, ya Hajji," ya yi bayani, Sadiƙu yana fassara kamar mai karanta takardar mutuwarsa: lambar ta ƙusar rataya ce a ɗakin girki, in sun tsufa a Ataba ake zubar da su, kuma a gidajen abinci irin nasu bakwai ta mai gasa nama ce.

Alhaji Usman ya yi dariya har da hawaye. Ya ce gidan da ke da mutum irina ba za su iya ha'inci ba, ya ba Sadiƙu mata. Ni kuwa na koyi cewa kafin ka ɗora tarihi a kanka, ka leƙa ka ga wa yake sanye da shi yau.

Da za mu rabu, ya karɓi sandarsa, ya dafa kafaɗata.

"Surukina, tarihi dai mun sha. Shayin ne har yanzu muke jira."