Layin Mai a Ƙofar Kaka

"Lafiya lau, ya hanya? Kai, ja can da wannan ƙaton takalmin naka, yanzu na gama shara!"

Haka Kaka ta ƙarasa amsa gaisuwar jikanta, direban tankar mai, tun bai gama durƙusawa ba. Ni tela ne, shagona a jikin zaurenta yake, abin da ya raba mu langa-langa ne kawai, don haka ba sai na kasa kunne ba, magana ce ke zuwa ta same ni a kan keke. A zauren nan injin markaɗenta yake. Tun da fetur ya yi tashin gwauron zabo injin ya yi shiru, ta lulluɓe shi da tsohon zane. Ɗanta, uban direban, ya dage sai an sayar da shi ta koma gidansa da zama, ita kuwa ta ce sai dai a haɗa da ita a sayar. Saƙon uban ne ya kawo jikan ranar nan, kuma saboda ƙarancin dabara ya ajiye tankarsa a ƙofar gida, ta cinye rabin titi.

"Haba uwargida," in ji shi, "miji ya dawo daga tafiya, ko ruwa babu, sai faɗa?"

"Wane miji? Mijin da ke yawo da kogin fetur a bayansa, matarsa ko na ɗigawa a ido ba ta da shi? Ai ni tuni na sake ka."

"Yanzu mata ne ke saki?"

"Komai ya tashi a garin nan, har da ikon mata. Me ka kawo min?"

"Kaina na kawo miki."

"Mayar da abinka, ba ya tayar da inji. Ungo galan, je ka murɗa famfon bayan nan ka tsiyayo min."

"Wallahi wayam take, tsohuwa. Da safe na sauke kaya."

"A ina?"

"Gidan man bakin kasuwa."

"Wanda ya ja ƙofa ya ce ko ɗigo babu?"

"Shi fa. Ya ji ƙishin-ƙishin za a ƙara farashi, yana jira."

Kaka ta gyara zama a kan turmin da ta kifa ta mai da kujera. Duk wanda ya san ta ya san in ta yi wannan gyaran zaman, shari'a za a yi, kuma ba a taɓa wanke wanda ake tuhuma ba.

"To zauna, ja'iri. Yau sai ka gaya min wanda ya tsadar da man nan, tunda kai ne a cikinsu."

"Ni a cikinsu? Ni da ko hamma na yi a hanya sai an cire min a albashi? Gwamnati ce ta janye tallafi."

"Wa take tallafawa da? Ni dai ban taɓa ganin an yi sallama a zauren nan an ce Kaka ga tallafi ba."

"Cikawa take yi a kan kowace lita, ba kya gani."

"To yanzu da ta daina cikawa, cikon yana ina?"

"An ce tituna za a yi da shi, da asibitoci."

"Titin da tankarka ta shigo tana rangaji kamar mai ciwon ƙugu? Ci gaba, ina jin ka."

"Masu mulki sun ce na baya ne suka kwashe komai suka bar musu tukunya a kife. 'Yan adawa kuma sun ce na yanzu ne ba su iya ba."

"Na bayan suna ina?"

"Rabinsu sun sauya hula, suna cikin na yanzu."

"Ragowar rabin fa?"

"Su ne 'yan adawar. Kuma ke kika jawo mana, tsohuwa. Wa ya tsaya a rana yana dogara sanda don ya dangwala wa mutumin nan da ke kan mulki ƙuri'a? Har rawa kika taka da aka ce ya ci."

"Rufe min baki! Ya ce mai zai fi ruwa araha."

"Ai bai yi ƙarya ba, jira yake ruwan ya tashi ya wuce shi."

"Kai naka gwanin me ya tsinana? Hotonsa na nan liƙe a gilashinka, rana ta cinye masa rabin fuska."

"Ai shi bai ci ba."

"Shi ya sa har yanzu yake da gaskiya. Bari ya ci ka gani. Sai kuma wa?"

"Sai kuɗinmu da ya rame. Da kuɗin waje ake sayo man."

"Sayowa? Ba haƙo shi ake yi ba?"

"Ɗanye ake haƙowa, a kai wata ƙasa a tace, sannan a sayo."

Kaka ta riƙe haɓa.

"Tsaya in gane. Wato in ɗauki tattasaina in sa a mota, in kai wani gari a markaɗa, in biya mota, in biya mai inji, sannan in dawo in sayi markaɗen, alhali ga injina a zaure? Ko kai da aka haifa ranar da wayo ya yi tafiya ba za ka yi haka ba."

"Ga kuma yaƙi ana yi can wata nahiya, jiragen ruwa na zagaye."

"Ni na tsokane su? Su yi faɗansu, injina ya sha duka?"

"Ga masu fasa-ƙwauri, suna tsallakawa da shi iyaka."

"A me suke fita da shi? A aljihu?"

Direba ya sosa ƙeya.

"A... a tanka."

"Yawwa! Mun iso gida. Duk wanda na tambaya sai ya nuna na gaba da shi, yau dai yatsa ya zagayo ya tsaya a kan wanda hannuna zai iya kaiwa. Miƙo kunnen nan."

Suna cikin haka na ɗaga kai daga ɗinkin da nake yi, sai na ga wani mai babur ya turo babur ɗinsa ya tsaya a bayan tankar, ya zauna a kai ya harɗe hannu. Bai tambayi kowa komai ba. Wani ya gan shi, ya tsaya a bayansa. Kafin in sauya zare, mai wanki ya fito da jarka, mai aski ya bar mutum da rabin kai ya fito da tasa, masu mota suka fara juyowa daga babban titi. A irin wannan zamani mutum ba ya tambayar me ake rabawa, layi yake fara kamawa. Ni ma dai na ajiye galan ɗin janaretana a layi, saboda ko-ta-kwana.

Hayaniya ta sa direba ya leƙo. Da ya ga abin da ke ƙofar gida sai ya ɗora hannu a ka.

"Jama'a, don Allah ku watse! Wallahi babu komai a ciki, kakata na zo gaisarwa!"

"Haka mai gidan mai ma yake rantsuwa," in ji mai babur, ko motsi bai yi ba.

Direba ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa cikin tankar, ta yi ƙara kamar ganga.

"Kun ji? Iska ce!"

"Sama-sama ne iska," in ji mai aski. "Na ƙasa muke jira."

Yana rantsuwa layi na ƙaruwa. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni haushi, don an yi wa mutanen nan ƙarya har sun daina gane mai gaskiya in ya tsaya a gabansu yana gumi. Ya koma zaure da gudu.

"Tsohuwa, me kika gaya wa mutanen unguwar nan a kaina?"

"Ni? Ba komai. Na dai ce mijina ne ke raba wa garin nan mai, in ya ga dama ya buɗe, in ya ga dama ya rufe."

"Innalillahi! Kin kashe ni!"

"To me zan ce musu? In ce na auri ɗan dako mai ɗaukar iska? Ina da mutunci a unguwa."

Bai kai ga ba ta amsa ba sai ga matan maƙwabta suna sallama ɗaya bayan ɗaya, kowacce da bokitin tumatir da tattasai a hannu. Su ma tankar suka hango, suka ce lallai yau injin Kaka zai tashi. Suka jera bokitai a gabanta kamar yadda suka saba, suka baje a tabarma, hira ta ɓarke, wannan na ba da labarin haƙorin ɗanta, waccan na tsine wa mai gidan haya. Kaka ta dubi bokitan, ta dubi injin da ke lulluɓe.

Direba ya matso kusa da ita, ya rage murya. Ta jikin langa-langar suke, don haka na ji.

"Kaka, bar wasa. Baba ne ya aiko ni. Ya ce injin nan ba ya mai da abin da yake sha, ga mai saye an samu. Ɗaki na can an gyara miki, har da fanka."

"Fanka za ta gaishe ni?"

"Kaka..."

"Ka ce wa ubanka na san ba riba. Ni na fi shi sani, ni ke zuba man. Amma tun da injin nan ya yi shiru, sai in wuni a zauren nan ba wanda ya ce min ci kanki. In yana ƙara, mata na shigowa, a yi faɗa, a yi gulma, a ba ni jariri in riƙe, in san wa ya haihu wa ya yi yaji. Da ya mutu, kowa ya bi wani titin. Shirun nan ne ke cina, ɗan nan, ba yunwa ba. Can gidan ubanka kowa ya fita aiki, sai ni da bango. Dubi zauren nan yanzu. Rabon da ya cika haka har na manta."

Na tsayar da keke. Gaskiya ta ba ni tausayi, don kullum ina jin tarinta ta bayan langa-langa, ban taɓa kawo wa raina cewa shi kaɗai ne motsin da ya rage a zauren ba.

Direba ya juya ya dubi inda take kallo. Sai ya miƙe, ya yaye zanen da ke kan injin, ya kaɗe ƙura, ya buɗe tankinsa ya leƙa.

"Kai! Wannan ai ya fi bakinki bushewa."

"Bakina da haƙora huɗu ya fi naka albarka."

"Ina galan ɗin?"

"Ka ce iska ka ɗauko."

"Iskar ce. Layi zan je in bi, a ƙafa, kamar kowa. Ni da na shigo da mai garin nan da safe, ni ne zan tsaya a rana da galan ɗin tsohuwa. In abokan aikina suka gan ni na shiga uku."

"Saƙon ubanka fa?"

"Zan ce masa na zo na tarar da layi, ban samu ganinki ba. Kuma daga yau duk sauke kayan da na yi a garin nan, galan ɗinki na wuyana. Ba don ke ba, don injin. Shi ba ya zagina."

"Jira ya tashi ka ji."

Matan suka kwashe da dariya. Ya ɗauki galan ya nufi ƙofa, Kaka ta miƙa tafin hannu.

"Makulli."

"Wane makulli?"

"Na tankar. In ka tafi da ita layina zai watse. Kuma na san halinka, kana shan kwana sai dai in ji labarinka a wani gari."

"Tsohuwa, motar kamfani ce fa!"

"Yau ta matar direba ce. Kawo."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya zaro makullin ya ɗora mata a hannu. Ta ƙulle shi a bakin zane, ta sa aka fitar mata da turminta ƙofar gida, ta zauna a inuwar tankar tana amsa gaisuwa, masu babur na ce mata ranki ya daɗe, kowa na roƙon ta sa baki a fara da shi. Direba ya ratsa ta cikinsu da galan a hannu, ana tambayarsa ina zuwa, yana cewa neman mai, ba wanda ya yarda.

Har ya kai bakin shagona ta ɗaga murya.

"Maigida!"

"Na'am, uwargida. An mai da auren ke nan?"

"Sai na ga galan a cike. Jeka, amma ban da gaggawa. Ina da baƙi."