Rasuwar Si Kuniang a Lanƙwasa ta Talatin da Takwas

Da zukata masu cike da baƙin ciki, mu iyalan gidan marigayiya uwarmu Amak Saribanun na bakin tafkin Maninjau muke sanar da 'yan uwa da abokan kasuwa da duk mai bin hanyar Bukittinggi rasuwar motar ƙanenmu Bustami, wadda kowa ya sani da Si Kuniang, wato Rawaya, saboda fentinta mai launin gangamau. Ta cika ranar Laraba da hantsi, tana da shekara talatin da huɗu a hannunsa, a lanƙwasa ta talatin da takwas cikin arba'in da huɗun nan da ke hawa daga tafki zuwa kan dutse. Saura shida ta kai. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe addu'ar da ake yi wa mutum, mun ji mun bi. Amma bai ce kada a faɗi alherinta ba.

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri da kaya. Ta ɗauki ɓawon kirfa da ƙananan kifin tafki kowace Laraba da Asabar, ta ɗauki amare, ta ɗauki masu naƙuda, sau ɗaya har da maraƙi. Ba ta taɓa tashi a murɗa ta farko ba. Sai ta yi kir-kir-kir, ta yi tari biyu, sannan ta amsa da gurum, unguwa ta san gari ya waye.

Kowa ya san yadda namiji yake a wurinmu: baƙo ne a gidan matarsa, ko ƙusa ɗaya ba tasa ba ce. Bustami ya zauna a gidan su matarsa Rosmaini shekara talatin da biyu cikin ladabi, surukai gaba, surukai baya. Rufin da yake nasa na kansa a duniya shi ne rufin Si Kuniang.

Ciwonta tsoho ne, zafin inji. Bakanikenta Darwis, abokin Bustami tun suna tsallen kogi, ya bi shi gaɓa-gaɓa tsawon shekaru. Ya sauya murfin lagireto da ya daina riƙe iska. Ya ɗaure fanbel. Ya wanke lagireto har ruwa ya fito ja kamar na wankin nama, yana faɗa: “Kai Bustami, ruwan kwazazzabo kake ɗura mata, tsatsa ta toshe ta. Kai ma a ba ka shi shekara goma mu ga hanjinka!” Ta kan ji sauƙi a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Amma da kaya a bayanta, a giya ta ɗaya, da zarar an kai lanƙwasa ta talatin da ɗaya sai allurar zafi ta miƙe ta nufi ja.

Mai hawa waɗannan lanƙwasoshi ba shi da idon kallon allura, duka biyun na kan hanya. Rosmaini ce mai kallo. Tana gefe da filas a cinya, sai ta ce, “Uda, ta hau.” Uda shi ne yadda matanmu ke kiran miji. Ba ta ƙara komai. Akwai ɗan fili a wurin, kusa da idon ruwa. Sai Bustami ya ratse ya kashe, ya ɗaga bonet, su jira. Ba a buɗe murfi da zafi, kowa ya san wannan, Rosmaini kuwa kullum sai ta faɗa. “Taɓa shi ka gani, in kai ka gida fuska kamar dafaffen jatan lande.” Ta zuba kofi biyu, ta kwance shinkafa daga ganyen ayaba, birai su jeru a kan katanga suna jiran rabonsu. Injin yana hucewa yana tik, tik, tik. Minti ashirin. Bustami ya taɓa gaya mini, ni yayarsa, cewa duk maganar da suka yi ta mata da miji a duniya, a cikin minti ashirin ɗin nan suka yi ta.

Shekara biyu da suka wuce Allah ya karɓi Rosmaini. Ba ta bar 'ya mace ba, ɗa ɗaya ne, Hendri, yana aiki a birnin Pekanbaru. Gida ya koma hannun 'ya'yan ƙanwarta, kamar yadda aka saba, tunda mata ke gadon gida a wurinmu. Ba wanda ya kori Bustami, amma da aka yi sadakar kwana ɗari ya ɗaure akwatinsa ya sa a bayan Si Kuniang ya dawo gidan uwarmu, inda ni yayarsa Nurbaiti, wadda yake kira Uni, nake. Tsoho mai furfura a ɗakin da ya bari yana saurayi, abin tausayi.

Bai daina zuwa kasuwa ba. Na lura kullum da kofuna biyu yake fita, duka biyun kuma sukan dawo da alamar kofi. Da na matsa masa ya ce, “Uni, kada ki gaya wa kowa. In na kai ta talatin da ɗaya tana faɗa. Uda, ta hau. In duba, in ga ta hau ɗin.” Ya faɗa yana murmushi. Direbobi ma sun fara tsegumi, wai sun gan shi a kan katanga yana hira da iska. Ya ce kada in gaya wa kowa, ni kuma na ɗauki waya na kira Hendri. Na rubuta wannan a nan don kada wani ya rubuta mini.

Hendri ya zo da Sallah, ya kai motar wurin Darwis ya ce a sauya komai. Sabon lagireto, sabon famfon ruwa, sababbin tiyo, da koren ruwan nan na kanti maimakon na kwazazzabo. Yaron kirki ne, tsoro ne ya cika shi. Ya durƙusa gaban ubansa ya ce, “Abak, ga allura nan, ita za ka bi. Amak, uwata, ta tafi. In na sake jin an gan ka tsaye a lanƙwasa kana magana kai kaɗai, wallahi zan karɓi makulli in tafi da kai Pekanbaru.” Bustami ya ce to.

Wata uku allura na zaune a tsakiya kamar an liƙa ta. Darwis yana ta yabon kansa. Bustami yana isa kasuwa da wuri, yana dawowa da wuri, ya rage cin abinci. Na ce yaya motar, ya ce, “Lafiyarta ƙalau, Uni. Shiru kawai.”

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Larabar nan gajimare ya sauko har kan kwalta, ba a ganin abin da ya wuce tsawon mota biyu. A bayan Bustami akwai motar haya ta unguwarmu cike da matan da suka san lambar wayar Hendri. Yana karya sitiyari a ta talatin da ɗaya ya ji muryar Rosmaini, a gefensa, a sarari, kamar ba ta taɓa yin shiru ba.

“Uda, ta hau.”

Ya saci kallon allura. Tana kwance can ƙasa, ƙasa da inda ta saba zama. Ya ga ɗan filin, ya ga idon ruwan, ya ga fitilun motar haya a madubi. Ya tuna makulli. Ya taka totur ya wuce. A ta talatin da uku ya ji “Uda” sau ɗaya, a hankali. A ta talatin da biyar wani wari mai zaƙi-zaƙi ya shigo ta taga, motar ta fara ja da kyar. A ta talatin da takwas marigayiyar ta yi ƙwas-ƙwas-ƙwas, ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, ta tsaya. Ya murɗa makulli, ko kir ɗaya ba ta yi ba.

Darwis ne ya duba gawar. Lagireto fayau, ba ɗigo. Tiyon ƙasa ya zame daga bakinsa tun wajen ta ashirin da wani abu, ruwa ya tsiyaye a hanya, gajimare ya hana na baya gani. Gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, fistin ya kama. Bustami ya ce, “Amma allurar ba ta hau ba.” Darwis ya goge hannu ya ce, “Zafin ruwa take aunawa, Bustami. In ba ruwa, me za ta auna? Sai ta kwanta ta yi maka shiru.” Ya ɗan daɗe yana kallon tiyon da shi da kansa ya ɗaura, sannan ya ce, “Da ka tsaya a ta talatin da ɗaya yadda ka saba, da tiyo kawai za mu mayar, ka kai kifinka.” Darwis bai san nauyin abin da ya faɗa ba. Ni ina wurin, na ga fuskar ƙanena.

Marigayiyar ta bar jarka ɗaya ta ruwa, da tsumman buɗe murfi, da filas, da kofuna biyu. Ta bar birai sun fi ashirin. Ta bar bakanike da ya rufe gareji kwana uku. Ta bar direbanta, wanda yau kwana tara kenan yake zuwa garejin kowace safiya ya zauna a kujerarsa, tagogi a rufe, hannu a kan sitiyari. In ya dawo ba na tambaya, shi yake faɗa. “Ba ta ce komai ba, Uni. Shekara talatin da huɗu ban taɓa wuce maganarta ba sai ranar.” Abin da yake tsoro shi ne Rosmaini ta yi fushi ta tafi ke nan, kuma ni ma ina tsoron haka.

Jana'iza: masu sayen tsohon ƙarfe su huta, ba za a yanka ta ba. Ranar Asabar bayan sallar asuba motar Darwis za ta ja ta daga gareji zuwa ɗan filin da ke lanƙwasa ta talatin da ɗaya. Mai gonar kirfar wurin ya yarda. Za a sa mata duwatsu a tayoyi, a bar bonet a ɗage. An aika wa Hendri makulli, tunda shi ya nema. Ba a buƙatar fure, ba a buƙatar shawarar sabon inji, mun ji ta ishe mu. Kowace Laraba da Asabar ni zan riƙa raka Bustami a motar haya in sauke shi a can da filas ɗinsa. Ni na kai ƙara, ni zan yi jigila.

Muna roƙon direbobi abu ɗaya. Mun san doka ce a danna hon a kowace lanƙwasa. Amma a ta talatin da ɗaya kada ku danna, ku kunna fitila, ku rage gudu, ku wuce a hankali. Akwai mai sauraro a wurin.

Sanarwa daga Nurbaiti, a madadin iyali.