Yadda Za Ka Ci Gaba Da Mulkin Gidanka Bayan Ka Rasu

Maigida, na san abin da ke hana ka jin daɗin tuwo. Ba mutuwa kake tsoro ba. Abin da ke cin ranka shi ne ranar da za a yanke shawara a gidanka ba a tambaye ka ba. Kwantar da hankalinka. Duk wanda ya bi matakan nan, na ba shi tabbacin maganarsa za ta ci gaba da aiki ko yana nan ko ba ya nan. Malam Jumare, babban mai fataucin shanu a Inugu, ya bi su ana gab da samun mulkin kai, kuma sun yi masa aiki fiye da yadda ya nema.

1. Samo wanda ba ka yarda da shi ba

Ba sai ka je nesa ba, duba cikin ’ya’yanka. Na Jumare shi ne ɗan farinsa Awwalu, haifaffen unguwar Ogui ta Inugu, wanda ya taɓa cewa a gaban baƙi a sayar da rabin garke a sayi babbar mota. Jumare bai tanka masa ba, don mai kunya ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya yi musu da shi. Wurin matarsa Hajo ya kai ƙara.

“Kin ji abin da wancan yake faɗa? Kafin a tashi daga zaman makokina zai mai da shanuna taya huɗu.”

“Shida ne, Malam,” in ji Hajo. “Ya nuna mini hotonta.”

2. Je wurin liman, amma kada ka daɗe

Zai gaya maka wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji, sauran Allah ya riga ya raba. Ka ce, “Haka ne, Allah gafarta malam,” ka ajiye goro, ka nemi takalminka. Malamai suna da halin gaya wa mutum abin da bai zo ji ba.

3. Hau bene wurin lauya

Lauyan da Jumare ya samu, a Ingila ya yi karatu. Ya bayyana masa dabarar Turawa: ka damƙa dukiyarka amana a hannun wani, ya riƙe wa iyalinka bisa sharuɗɗan da ka gindaya. Iri biyu ce. Akwai ta cikin wasiyya, wadda sai ka mutu take tashi, akwai mai farawa yau.

Jumare tun yana saurayi bai taɓa sayen sa a kwance ba. Sai an tashe shi, an kora shi, ya ga tafiyarsa.

“Abin da sai na mutu zai tashi, ina zan san ba gurgu ba ne? A tashe ta yanzu in gani.”

Lauya ya tambaya ko ya gane shanun sun bar hannunsa ke nan. Ya kuma sake tambaya. In lauya ya maimaita maka tambaya, neman ƙarin lada yake yi. Dangwala yatsa ka wuce.

4. Zaɓi amintacce na gaske

Nan mutane ke kuskure. Sai su ɗauko ɗan’uwa mai sauƙin kai, irin wanda za ka ba kiwon saniya ya dawo maka da wutsiya ya ce kura ce. Kai nemi irin Bubayero, abokin Jumare tun suna koro shanu a ƙasa daga arewa, mutumin da ya taɓa komawa Makurɗi don ya mayar da igiyar aro.

5. Tsaurara sharaɗi

Kada ka ambaci wanda kake nufi, rashin ta-ido ne. Jumare ya sa aka rubuta cewa kuɗin shanu na sayen shanu ne da cefanen gida, kuma ba a kashe ko anini a kan abin da ke shan fetur. Ya sauko daga benen yana murmushi.

6. Zauna ka kalli amanarka tana tafiya

Da aikin hajji ya matso, abokansa na zango suka yi niyya ta jirgin sama daga Kano. Jumare ya sami Bubayero, aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya.

“A ware mini bijimai, bana zan sauke farali.”

“Allah ya nufa. Ta ƙasa za ka bi?”

“Da wannan gwiwar? Jirgi zan hau.”

“Jirgin me yake sha, Jumare?”

Jumare ya ce, “Bubayero, shanuna ne fa.”

“A da. Yanzu amana ce. Wani dattijo ne ya ba ni, ya ce kada in saurari kowa, ni kuwa ina jin nauyinsa.”

Ka dai ga inganci. Amanar da ta iya hana mai ita, wa zai ja da ita?

7. In ta matse ka, kwance ta da mutunci

Lauya ya ce hanya ɗaya ce: duk waɗanda ake riƙe wa dukiyar su yarda a warware. Hajo da ’ya’yanta mata suka amince nan take. Saura Awwalu. Aka zauna a zaure, uba yana fuskantar bango.

“Hajo, gaya wa wancan in yana son albarka ya sa hannu.”

“Inna, gaya wa Baba ba abin da nake nema kamar albarkarsa. Amma Baba ne ya hana fetur, ni kuma ba na saɓa wa Baba. In za a buɗe wa jirgi ƙofa, sai dai mota ta bi bayansa.”

“Ni fa na gaji da tafinta tsakanin Bahaushe da Bahaushe,” in ji Hajo. “Malam, Makka kake so ko rabin garke?”

Ranar da Alhaji Jumare ya dawo daga Makka, motar Awwalu ce ta ɗauko shi daga tashar jirgin ƙasa. An ba shi gidan gaba, Hajo a tsakaninsu. Har suka kai gida magana ɗaya ya yi: “Gaya wa wancan ya rage gudu.”

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba lauya ba ne, ba malami ba ne, ko akuya bai ajiye ba. Duk wanda ya bi shawarata ya wayi gari yana roƙon ɗan cikinsa, kada ya biyo ni gida. Dokar da ka kafa ba ta san fuskarka ba, ni ma haka.